Yadda za ka zaɓi abin shafa wa mol kafin ka zuba faiba, ga masu haɗa ƙaramin jirgin sama a gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai waina ranar da ta sayo sabuwar tanda ya riga ya san rabin maganar nan. Ba ta fara zuba ƙullu sai ta ɗora ta a wuta ta shafa mai ta goge ta sake shafawa har ƙasar ta ƙoshi, kuma duk da haka zubin farko sai ka ga ya kama an ƙanƙare shi da cokali. To haka aikin faiba yake, wato kyallen zaren gilashi da ake jiƙawa da rezin, wani ruwan gam mai daskarewa, a shimfiɗa a cikin mol, mazubin da ke ba shi siffa, bambancin kawai waina in ta kama asarar ludayi ɗaya ce, shi kuwa murfin injin jirgi in ya kama a cikin mol to aikin wata biyu ne ya tafi, wani lokacin har da mol ɗin kansa domin sai ka fasa shi kafin ka ciro abinka.

Haɗa jirgi a gida dai sana'ar ƙasashen Turawa ce musamman Amurka, inda ƙungiyar EAA da Paul Poberezny ya kafa a 1953 take tara masu wannan ƙulafucin duk shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, kuma dokarsu ta yarda mutum ya yi rajistar jirgin da ya haɗa matuƙar shi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa. Can na ga wannan aiki da idona, a garejin wani dattijo da ke haɗa jirgi samfurin RV na kamfanin Van's, kuma ko da yake jikin RV alminiyom ne, murfin inji da ƙarshen fikafikai da rigar tayoyi da duk 'yan lulluɓin nan da ke rufe mahaɗa duk faiba ne, babu yadda za ka yi ka kauce wa rezin. Af, ga wanda bai sani ba, Air Beetle ɗin nan da sojojin saman Najeriya suka koyi tuƙi da shi, wanda aka harhaɗa a Kaduna, daga RV-6A aka samo shi. Wato dangin jirgin sun taɓa zama a gidanmu.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko, ba gwangwanin da ya fi tsada ake nema ba. Tambaya biyu za ka yi wa kanka kafin ka sayi komai, da me aka yi mol ɗin nan kuma sau nawa aka taɓa cire abu daga cikinsa, sannan abin da zan ciro me zan yi masa bayan nan, fenti ne ko manna shi zan yi da wani ɓangaren. Mutane suna tuna ta farkon su manta ta biyun, alhali a jirgi ta biyun ce mai haɗari.

Bari mu fara da kaki tunda shi kowa ya sani. Kakin mol na gaskiya galibi da kanuba ake yinsa, wani kaki ne mai tauri da ake kaɗowa daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Burazil, yana narkewa ne a wajen digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin salshiyas, shi ya sa yake jure ɗumin da rezin ke fitarwa lokacin da yake daskarewa. Waɗanda za ka fi gani a shagunan masu jirgi irin su Aircraft Spruce su ne Partall Paste #2 mai launin kore, da Meguiar's Mirror Glaze lamba 8, da TR-104 wanda aka yi don wurin da ya ɗan fi zafi. Dukkansu suna aiki, ni ban ga abin faɗa a tsakaninsu ba, abin da ke raba mai nasara da mai kuka shi ne yadda aka shafa. Ka samu tsumma mai laushi na auduga, tsohuwar singileti ma ta isa in an wanke ta tas, ka ɗebo kaɗan, kaɗan fa nake nufi, ka shafa kana zagayawa a ɗan fili kamar faɗin hannu biyu, da ya fara yin hazo-hazo sai ka ɗauki wani tsumman daban ka goge har ya yi sheƙi. Kada ka shafe mol ɗin gaba ɗaya ka tafi shan shayi, in ya bushe ƙayau gogewa za ta zame maka aikin gayya kuma duk inda ya taru zai fito a jikin faibarka kamar zanen yatsa. Sabon mol ni ba na yi masa ƙasa da shafi 5, wani lokacin 6, da tazarar kamar awa guda tsakani don ruwan da ke cikin kakin ya fice, kuma kowane shafi ina canja wajen da hannuna ke bi don in cike inda na tsallake a baya. Kwana-kwana da lungu su ne wurin da abu ke kamawa, nan za ka sa buroshin haƙori ko ka naɗe tsumma a yatsa.

Amma kaki shi kaɗai a kan sabon mol caca ce. Dalili kuwa, mol ɗin da aka yi da rezin ɗin foliyesta yakan ɗauki kwanaki yana ƙarasa nuna, sinadarin sitayirin na ci gaba da fita daga jikinsa, sai ya ratsa siririn kakin nan ya haɗu da sabon rezin da ka zuba su zama abu ɗaya. Haka in mol ɗin na rezin ɗin ifoksi ne kai ma ifoksi ka zuba alhali bai gama daskarewa ba. Kuma ka tuna shi ifoksi asalinsa gam ne, aikinsa ke nan ya kama, sannan ba ya tsukewa sosai in ya bushe, ba kamar foliyesta ba da ke ɗan janyewa daga bangon mol da kansa har wani lokacin ka ji ya yi ƙas cikin dare ya saki. Yawancin masu jirgi kuwa ifoksi suke amfani da shi, samfurin West System ko MGS ko Aeropoxy, sai masu haɗa jirgin Glasair da ke aiki da wani rezin da ake kira binil esta. Saboda haka shawarar da mai gyaran kwale-kwale zai ba ka cewa kaki ya wadatar, a wajensa gaskiya ce, mol ɗinsa ya fitar da abu ɗari ya riga ya ƙoshi kamar tsohuwar tanda, naka kuwa jiya ka gama shi.

Nan ne PVA ke shigowa, kuma nan zan ɗan daɗe domin shi ne abokin mai aikin gida. Ruwa ne mai ɗan kauri, wanda aka fi sani Partall Film #10 kore ne shar, in ya bushe sai ya zama wata 'yar fata kamar leda tsakanin mol da faiba. Sirrinsa ɗaya, rezin da sitayirin ba sa narkar da shi amma ruwan famfo na narkar da shi. Ka ga ke nan ko abu ya ƙi fita kana da mafita, ka ɗan buɗe gefe ka tsiyaya ruwan ɗumi ka jira, ruwan zai bi ya cinye fatar a hankali. Babu wani kaki da zai yi maka wannan alfarmar.

Fesa shi ake yi in ana son fuska mai kyau. Ka sa bindigar feshi mai ƙaramin baki, iska da ƙarfi ruwa kaɗan, ka tsaya nesa kamar kamu ɗaya da rabi, feshin farko ya zama ƙura-ƙura kawai yadda da kyar za ka ga koren, ka bar shi minti 10 zuwa 15, ka sake wani irinsa, sannan ka yi mai ɗan nauyi wanda zai kwanta ya yi sheƙi. In ka fara da mai nauyi a kan kaki sai ya dunƙule ya yi ɗigo-ɗigo kamar ruwa a bayan agwagwa, ko ya gangara ya taru a ƙasan mol, kuma duk wata gangara da ka gani haka za ta fito a jikin abinka. Kaurin da ake nema bai wuce na ledar shara ba, wajen milimita 0.05 zuwa 0.1. In ya lalace kada ka yi ta ƙoƙarin gyarawa da yatsa, ɗauko soso da ruwa ka wanke duka ka busar ka sake, minti ashirin ne. Wanda ba shi da kwamfuresa zai iya shafawa da soso mai laushi a ja shi sau ɗaya ta gefe guda ba a komawa, fuskar ba za ta kai ta feshi ba amma tunda yawancin kayan jirgi sai an bi su da samfefa da firaima kafin fenti, wannan ba abin damuwa ba ne.

Yanayi na da ruwa da tsaki a nan. PVA ruwa da alkohol ne, in iska na da laima kamar tsakiyar damina zai daɗe bai bushe ba, ka taɓa gefe ka ji ba ya danƙo kafin ka zuba komai, in ka yi gaggawa ruwan da ya rage zai ɓata fuskar rezin. In kuma lokacin ƙura ne irin hunturunmu to ka yayyafa ruwa a daɓe ka rufe ƙofa, domin duk ƙwayar da ta sauka a kan ɗanyen PVA ta samu wurin zama. Kuma ka tabbata kakin da ka sa a ƙasa mai karɓar PVA ne, Partall Paste #2 don haka aka yi shi, wasu kakin kuwa santsinsu ya yi yawa ba ya zama a kansu ko ka yi yaya.

Sai kashi na uku, waɗanda ake shafawa sau ɗaya a cire abu da yawa, irin su Frekote 770-NC da Chemlease da Marbocote. Su ba kaki ba ne, ruwa ne garau kamar kananzir wanda ke kama jikin mol ya zama wani siririn rufi da ido ba ya gani. Masana'antu su suke amfani da shi, kuma in za ka gasa abinka a tanderu, misali kyallen nan da ke zuwa da rezin a jikinsa wanda ake gasawa a wajen digiri 120, to ba ka da zaɓi, kaki zai narke tun kafin a je ko'ina. Suna da kyau ƙwarai, kusan ba sa barin komai a jikin faiba, abu na fita kamar an zare hannu daga safa. Amma suna da sharaɗi, mol ya zama mai tsabta ƙal babu ɗigon tsohon kaki, ya zama marar ƙofofin gashi, a fara shafa masa ruwan toshewa na kamfanin sannan a bi da shafi 4 ko yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, kuma laimar iska ce ke daskarar da su saboda haka in ka bar gwangwanin a buɗe ko ya shekara a kan kanta ya tashi daga aiki ba tare da ka gani ba. Ga tsada, ga wari mai hawa kai. Kuma kada ka ce za ka ƙara PVA a kansu don ƙarin tsaro, ba zai kwanta ba. Ra'ayina, wanda zai fitar da rigar taya guda biyu kacal a rayuwarsa daga mol ɗin da ya yi da katako da filla, ƙullun nan na cike ramuka, sayen wannan kamar sayen tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. In kuwa ku goma ne kuka haɗa kuɗi kuka yi mol mai kyau na jelkot, wato mai rufin rezin mai sheƙi a fuska, kowa zai ciri nasa, to nan ya biya kuɗinsa.

Mol ɗin katako ko filasta ko soso kuwa matsalarsa shan ruwa. Ko kaki gwangwani guda ka shafa wa ɗanyen katakon MDF shanyewa zai yi. Sai ka fara toshe shi da firaima mai kauri irin Duratec, ko ka shafe shi da ifoksi, ka goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har lamba 600 ko sama, sannan kaki, sannan PVA. Filasta kuma sai ta bushe har ciki, kwanaki ba awoyi ba. In da farin soso ko shuɗin nan na folistirin ka sassaƙa siffar, kada foliyesta ko binil esta su taɓa shi, narkewa zai yi a gabanka kamar sukari a shayi, har wasu kakin ma ruwan da ke cikinsu na cinsa, ifoksi ne kawai ba ya yi masa komai.

Akwai kuma hanyar talaka wadda wallahi ta fi kowace yawan amfani a gareji, salatif. Faffaɗan salatif ɗin nan na ɗaure kwali, ruwan ƙasa ko garau, ifoksi ba ya kama bayansa sam. A ce za ka yi ɗan lulluɓin da ke rufe inda ƙafar taya ta shiga jikin jirgi, babu mai yin mol don wannan, a jikin jirgin ake yi, ka liƙe wajen da salatif kowane layi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, ka gina siffar da yumɓun roba na yara, ka shafa kaki sau ɗaya a sama don kwanciyar hankali, ka shimfiɗa kyallen faiba uku ko huɗu, washegari ka ɓamɓare. Layin salatif zai fito ta ciki inda ba mai gani. Masu bin tsarin Burt Rutan, mai zana jirage, wanda ya fito da jirgin VariEze a 1975 da Long-EZ a 1979, su dama ba su cika buƙatar mol ba tunda soson da suka sassaƙa a cikin fiffiken yake zama har abada, amma duk inda suke son wani murfi ya ciru su ma salatif suke mannawa. Hattara ɗaya, kusa da rumfar gilashin matuƙi kada ka kuskura ka kawo asiton ko tina don goge ragowar gam, gilashin roba ne, zai yi tsatsaga ƙanana-ƙanana da ba sa gyaruwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce tambaya ta biyu ta fi haɗari. Silikon. Ni da kaina na taɓa yin wannan wautar, kakin mol ya ƙare mini ranar Lahadi shaguna a rufe, na ɗauko man goge mota da ke cikin but na ce ai kaki kaki ne. Abin ya fita lafiya lau har ina murna. Ranar fenti ne na gane kurena, ina fesa firaima sai ga wasu 'yan ramuka zagayayyu suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar idon kifi, na goge na sake suka dawo a wuraren nan dai, dattijon ya zo ya duƙa ya kalla ya ce me ka shafa wa mol ɗin, da na nuna masa kwalbar bai ce komai ba ya ɗauke ta da yatsa biyu ya kai ta waje can bayan gareji, ya dawo ya tattara duk tsummokaran da na taɓa ya zuba a shara. Yawancin man goge mota da feshin sa taya sheƙi da na dashbod akwai silikon a ciki, kuma shi ba ya zama wuri ɗaya, yana bin hannu da tsumma da samfefa har iska. A fenti dai muni ne kawai za ka gani ka gyara. A wajen manni kuwa ba za ka gani ba, haɗin zai yi kyau a ido ya riƙe a ƙasa, sai an hau sama inji na girgiza iska na bugu sannan ya saki. Don haka duk gwangwanin da bai faɗa ƙarara cewa babu silikon ba, bar shi a shago. Baƙin mai da gas da masu zuba kankare ke shafa wa katako, da man gyaɗa, da basilin, su ma ba su da wuri a nan, suna shiga cikin rezin su hana shi kamawa.

Ko kakin kirki ka yi amfani da shi, kaɗan zai biyo faibar. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ciro abu ya hau shi da samfefa nan take, to ka tura kakin ke nan cikin kowane ƙarce. Wanki ne farko. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano da soso mai ɗan kaushi, wannan zai tafi da PVA da kuma wani maiƙo-maiƙo da wasu ifoksi ke fitarwa a fuska in sun bushe cikin laima, wanda tina ba ta cire shi sai ruwa. Bayan nan ruwan cire kaki da maiƙo na masu fentin mota, tsumma ɗaya na shafawa ɗaya na kwashewa kafin ya bushe. Sannan samfefa. In kana son ka tabbatar, watsa ruwa mai tsabta a wajen ka kalla, in ya bazu ya kwanta shimfiɗe to fuskar ta tsarkaka, in ya tsattsinke ya yi ƙwallaye akwai sauran abu, koma ka wanke. Ka busar sosai kafin manni. Ta cikin abin kuwa, ɓangaren da bai taɓa mol ba, in ka san za ka manna wani abu a nan ka shimfiɗa kyallen ɓarewa na dakron, wani yadin roba, tun rezin na ɗanye, ranar manni ka ɓare shi ka samu fuska sabuwa mai kaushi, amma shi ma ka duba, akwai wanda ake sayarwa an riga an shafa masa maganin santsi, ba shi ake so a wajen manni ba.

Wani abin da babu kakin da zai cece ka daga gare shi shi ne siffar mol ɗin. In bangonsa a miƙe yake sak, ko bakin ya fi cikin ƙunci, abu ya kulle ke nan ko da man shanu ka shafa. Bango na son ɗan buɗewa ta waje kamar digiri 2 ko 3, irin yadda bokiti yake, in siffar ba ta yarda ba sai a raba mol ɗin gida biyu a ɗaure da kusoshi. A mol mai zurfi wasu kan huda ɗan rami a ƙasa su toshe da yumɓu ko salatif, ranar cirewa su sa bakin kwamfuresa su hura.

Kafin ka zuba babban aikin, gwada. Manna guntun salatif na takarda a wurare daban-daban ka ɓare, ya kamata ya taso ba gardama, inda ka ji ya riƙe to wajen bai ƙoshi ba. Wanda ya fi wannan, ka yanka kyallen faiba kamar tafin hannu ka jiƙa da rezin ɗin da za ka yi aiki da shi, daga gwangwanin nan dai, ka manna a leɓen mol inda ba ya cikin aiki, ka kwana. In da safe ya tashi da farce to bismilla.

Ranar cirewa kuma kada zumuɗi ya ɗebe ka, ifoksin da bai gama nuna ba yana da danƙo kuma zai lanƙwashe a hannunka ya zauna a haka, in sanyi ake yi ƙara masa kwana. Sukudireba da wuƙa a ajiye su nesa, ƙarfe ɗaya ya karce mol ka jawo wa kanka gyara. Ka fere 'yan katakai masu laushi kamar tsinken askirim ko ka yanka tsohuwar roba, ka tura ɗaya a gefe, ka matsa gaba ka tura wani, kana zagayawa, kana ɗan bubbuga bayan mol da tafin hannu ko gudumar roba, za ka ga launin wajen da ya saki yana canjawa yana yin fari-fari iska na shiga, ka bi wannan farin kana faɗaɗa shi. In ya tsaya cak a wani lungu, ruwan ɗumi a buta, tsiyaya ta inda ka buɗe, je ka yi sallah ka dawo.